Kundin Rise of Kingdoms daga Argungu: neman fada ta 25 ba tare da biyan ko kwabo ba

7 ga Disamba, 2024

Na buɗe wannan kundi ne domin in riƙa rubuta yadda tafiyata take a wasan Rise of Kingdoms, wanda kamfanin Lilith Games na birnin Shanghai a ƙasar Sin ya fitar a 2018 da sunan Rise of Civilizations, kafin ya sauya masa suna a 2019. Ana sauke wasan kyauta a waya, kuma kamfanin yana cin ribarsa ne daga abubuwan da yake sayarwa a ciki. Sharaɗin da na gindaya wa kaina guda ɗaya ne: ba zan sayi komai ba, komai ƙanƙantarsa, har fadar birnina ta kai mataki na 25, wanda shi ne ƙololuwa. Ina son in ga ko ma'aikaci irina, akawu a injin casar shinkafa, mai wayar Android wadda ta kwana biyu, zai iya kaiwa can da haƙuri da tsari kaɗai.

A cikin wasan kowa gwamna ne mai birni guda a kan taswira mai faɗi, inda dubban mutane daga ƙasashe daban-daban suke zaune a masarauta ɗaya. Ana gini da bincike da horar da sojoji da abubuwa huɗu, wato abinci da katako da dutse da zinariya, sannan akwai lu'ulu'u, wanda shi ne ake sayarwa da kuɗi, kodayake ana samun kaɗan daga cikinsa ta hanyar wasa. Rundunoni suna fita ne a ƙarƙashin kwamandoji, yawancinsu mutanen tarihi, kuma kowane kwamanda yana da matakai da taurari da fasahohin da ake ɗaga masa.

Tun a shafin farko aka ce in zaɓi al'umma. Zuciyata ta karkata ga Larabawa, saboda kwamandan da suke farawa da shi shi ne Baibars, sarkin Mamluk na Masar wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277, kuma yana cikin jagororin da suka karya Mongol a Ain Jalut a 1260. Amma lissafi ya rinjayi sha'awa, na ɗauki Sin, domin tana ƙara saurin gini da kashi 5 cikin 100, kuma tana bayar da kwamanda Sun Tzu, wanda marasa biya suke daɗewa suna cin moriyarsa. Akwai damar sauya al'umma sau ɗaya kyauta idan fada ta kai mataki na 10, saboda haka ƙofar Baibars ba ta rufe ba.

14 ga Disamba, 2024

Fada ta kai mataki na 11, wanda ya ba ni ikon fitar da runduna ta uku a lokaci guda. Farkon wasan yana gudu da sauri ƙwarai, gini yana ƙarewa cikin mintoci, kyaututtuka suna ta zubowa, har mutum ya ɗauka haka za a ɗore. Na lura cewa kowane mataki yana neman lokaci fiye da na bayansa, kuma na fahimci cewa abin da kamfanin yake sayarwa a zahiri shi ne rage jira.

Babban abin da na yi a wannan mako shi ne shiga ƙawance mai rai. Idan ɗan ƙawance ya fara gini ko bincike, yakan nemi taimako, sauran su danna, kowace dannawa ta rage masa wani abu daga lokacin jira. Tsarin ya yi kama da aikin gayya, inda yau a taru a gonarka gobe a gonar wani, kuma wanda ba ya fitowa ba ya daɗewa kafin a san shi. Yawan taimakon da mutum zai iya karɓa ya dogara ne ga matakin cibiyar ƙawancen da ke birninsa, wadda take kaiwa taimako 30 a mataki na 25. Don haka na kafa wa kaina doka cewa ba zan taɓa katunan rage lokaci ba sai taimako ya gama shigowa, tunda ragin yana da nasaba da yawan lokacin da ya saura.

Agogon wasan yana tafiya ne da lokacin UTC, wanda muke gabansa da awa ɗaya, saboda haka sabuwar rana tana farawa da ƙarfe ɗaya na dare a Argungu. Ban ga dalilin hana ido barci saboda wannan ba. Tsarina shi ne in tura rundunoni ɗibar abinci da katako bayan sallar asuba, in sake tura su lokacin hutun azahar, sannan in ɗora gini mai tsawo kafin in kwanta. Masu ɗibar kaya su ne Gaius Marius a gonakin abinci da Constance a dazuzzukan katako, kuma ina cika rundunarsu da kekunan yaƙi saboda sun fi sauran sojoji ɗaukar kaya.

28 ga Disamba, 2024

Wannan shafi na kwamandoji ne, domin a nan ne mara biya yake tsira ko ya tarwatsa abin da ya tara. Kwamandoji suna da daraja huɗu da ake ganewa da launi: kore, shuɗi, shunayya, da ruwan zinariya. Ana ɗaga fasaharsu da ƙananan sassaƙe waɗanda 'yan wasa suke kira kawuna. Kwamandan shunayya yana cin kawuna 440 kafin fasahohinsa su cika, na zinariya kuwa 690, alhali kawunan zinariya ɗaiɗai suke zuwa hannun wanda ba ya saye. Wanda ya raba su a kan kwamandoji biyar zai wayi gari da biyar ɗin duka ba su da amfani a fagen fama.

Akwai wata ƙa'ida da wasan bai bayyana ta da kyau ba, wadda wani tsohon hannu a ƙawancenmu ya nuna mini tun kafin in taɓa komai. Kowane tauraro da aka ƙara wa kwamanda yana buɗe masa sabuwar fasaha, har zuwa ta huɗu, kuma idan aka zuba kawuna, wasan ne yake zaɓar fasahar da za ta ƙaru daga cikin waɗanda suke buɗe, ba mai wasa ba. Fasaha ta farko ita ce mafi muhimmanci ga kusan kowane kwamandan yaƙi. Wata hanya da za a tabbatar ta cika ita ce a bar kwamandan a tauraro ɗaya har sai ta kai mataki na biyar, sannan a ba shi tauraro na biyu. Haka na yi da Sun Tzu, kodayake ganin abokan wasa da taurari huɗu alhali nawa yana da ɗaya bai yi mini daɗi ba. Fasaharsa ta farko tana dukan rundunoni har uku da ke gabansa a lokaci guda, kuma idan ya cika duka tana kaiwa biyar, shi ya sa yake da daraja a inda aka cunkushe.

Kwamandar zinariya da na sa a gaba ita ce Aethelflaed, 'yar Sarki Alfred, wadda ta mulki yankin Mercia a Ingila ta rasu a 918. Ana samun kawunanta a shagon sashen balaguron yaƙi da lambobin yabo da ake tarawa kullum ba tare da biya ba, don haka ita ce ta zinariya guda da mara kuɗi yake da tabbacin cikawa idan ya jure. Kawunan zinariya na gama-gari kuma, waɗanda ake iya zuba wa kowa, na kulle su a jaka, ba zan taɓa su ba sai na ga kwamandan da ya cancanta.

Lu'ulu'un da na tara daga kyaututtukan farko da farautar mayaƙan daji, wato abokan gabar da wasan da kansa yake bazawa a taswira, duk na zuba shi a matakin VIP, tsarin gata na musamman da yake ƙaruwa mataki-mataki, har ya kai na 6, wanda yake ba da magini na biyu na dindindin. A ganina babu wani abin da ya kai wannan riba a farkon tafiya, domin gini biyu a lokaci guda ya kusan ninka saurin birni. Abin da ke gaba shi ne mataki na 10, inda ake samun kan zinariya ɗaya kowace rana.

5 ga Janairu, 2025

Fada ta shiga mataki na 17, runduna ta huɗu ta buɗe, sojojin mataki na uku sun fara fitowa. Wutar lantarki ta yi wuya a unguwarmu a wannan makon, ga shi wasan yana shan caji sosai, saboda haka na rage ingancin hoto zuwa mafi ƙanƙanta, na kashe sauti gaba ɗaya, kuma ina cajin wayar a wurin aiki idan an tada janareto.

25 ga Janairu, 2025

A ranar 20 ga wannan wata Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da abin da bai wuce kashi 50 cikin 100 ba. Wannan ya shafi aikin nan kai tsaye, domin wasan ba ya buɗewa sai da intanet. Wasan yau da kullum ba ya cin data mai yawa, amma sabuntawar da ake turowa lokaci zuwa lokaci tana da nauyi, kuma ba a barin mutum ya shiga sai ya sauke ta. Na koma sauke irin waɗannan da tsarin datar dare mai rahusa. Sharaɗina ya hana biyan kamfanin wasan, bai hana sayen data ba, amma ya kamata mai karatu ya san cewa kyautar ba ta kai har nan ba.

Duk lokacin da fada ta hau wani babban mataki, sai tallar garaɓasa ta faɗo a fuskar wayar da agogo yana ƙirga lokacin ƙarewarta. Farashin kayan wasan yana farawa daga dala 0.99, ya bi ta 4.99, har ya kai 99.99. Da yake dala tana wajen naira 1,500 a Janairun 2025, ƙunshin 4.99 ya kai kimanin naira 7,500, babban kuma ya kusan naira 150,000, wato fiye da ninki biyu na mafi ƙarancin albashi na ƙasa, naira 70,000, wanda aka sanya wa hannu a Yulin 2024. Akwai mutane a masarautarmu da suke sayen irin wannan babban ƙunshi a kai a kai, kuma ana gane su daga yadda ƙarfinsu yake tsalle cikin dare ɗaya. Gasar gwamna mafi ƙarfi, wadda ake raba kawunan zinariya ga na sahun gaba, tasu ce tun kafin a fara, don haka nakan ɗauki ƙananan kyaututtukan kowace rana in bar musu saman jeri.

Sai kuma batun faifan sa'a, wanda ake juyawa da lu'ulu'u domin neman kawunan wani kwamanda. Ni ba malami ba ne, kuma ba fatawa nake bayarwa ba, amma mutum ya sa kuɗinsa ya sayi lu'ulu'u, ya juya faifai yana fatan abin da bai san ko zai fito ba, wannan ya yi kusa da caca fiye da yadda hankalina zai kwanta da shi. Juyin kyauta da ake bayarwa nakan yi, in rufe shafin. Wasu matasa a garin nan suna ganin abin wasa ne har sai kuɗin makaranta ko jarin sana'a ya shiga ciki.

9 ga Fabrairu, 2025

Zaman lafiyar masarautarmu ya ƙare a wannan mako. Taswirar tana da yankuna uku da tsaunuka suka raba, ba a ƙetarawa sai ta mashigai, kuma a tsakiya akwai babban haikalin da duk wanda ya riƙe shi yake zama sarki. Manyan ƙawance biyu suka saɓa a kan wata mashiga, namu kuma yana bin ɗaya daga cikinsu, sai yaƙi ya biyo ta yankinmu.

Daren Alhamis ina zaune a ƙofar gida bayan isha'i, sai gefen fuskar wayar ya fara walƙiya da ja, alamar ana leƙen asirin birnina. Na buɗe taswira na ga rundunonin dawakai suna gangarowa a jere daga arewa, kowace da jan layi a gabanta yana nuna inda ta dosa. Nan take na kunna garkuwar zaman lafiya ta awa takwas da nake ajiye da ita, na kira masu ɗibar kaya su dawo gida. Maƙwabcina na taswira, wanda ga alama barci yake a ƙasarsu, ba shi da garkuwa. Ina kallo aka haɗa masa gangami, birninsa ya kama da wuta, lambar ƙarfinsa tana raguwa a idona, kafin rabin awa abin da ya tara tun Disamba ya tafi. Ƙanena da ke leƙe ta kafaɗata ya ce, "Yaya, wanga wasa naka har da ƙone ma mutum gari shina kwana?" Na ce masa har da shi.

Dalilin irin wannan asara yana cikin ƙa'idar asibiti. Sojan da ya ji mummunan rauni yana tafiya asibiti ne a yi masa magani da abinci da katako, amma idan gadaje suka cika, duk wanda ya biyo baya mutuwa yake yi, ba ya dawowa. Mai kuɗi yana iya sake horar da runduna cikin kwana biyu, mara biya kuwa sai ya yi watanni. Na dakatar da fada na ɗan lokaci na juya magina biyu kan asibitoci huɗu. Haka kuma na daina buɗe ƙunshin kayan da ake samu a kyauta, domin abin da ke cikin jaka ba a iya kwasarsa, na fili kuwa rumbun ajiya wani kaso kawai yake karewa.

Na shiga faɗan fili sau da dama tare da 'yan ƙawance, kuma a nan na ga amfanin zagayen rinjaye: dakarun ƙasa suna cin mahaya dawakai, mahaya suna cin maharba, maharba suna cin dakarun ƙasa. Da yake abokan gabanmu dawakai suka fi yawaita, Sun Tzu da dakarun ƙasa ya yi rawar gani fiye da ƙarfina, muddin ina tsakiyar jama'a ban yi gaba ni kaɗai ba.

8 ga Maris, 2025

Azumi ya kama ranar Asabar, 1 ga wata, kuma jadawalin wasan ya bi na ibada. Yanzu lokacin da na fi samun sarari shi ne bayan sahur kafin kiran assalatu, sai kuma ɗan abin da ya samu bayan an idar da asham. Gasar Ark of Osiris, inda mutum 30 na ƙawance ɗaya suke karawa da 30 na wani har tsawon awa guda, an sa mana ita a lokacin da ya ci karo da asham. Na sanar da shugabanni tun da wuri cewa su ba wani gurbina har bayan Sallah, kuma ashe ba ni kaɗai ba ne, akwai 'yan Turkiyya da Indonesiya a cikinmu da suka nemi haka.

An yi sulhu a masarauta, an naɗa sarki, kuma wannan ya kawo wani amfani ga kowa. Sarki yana raba muƙamai na wucin gadi: na magini yana ƙara saurin gini da kashi 10 cikin 100, na masani yana ƙara saurin bincike da kashi 10, wani kuma na horar da sojoji. Ana lissafa ragin ne a daidai lokacin da aka danna fara aiki, don haka mutum yana buƙatar muƙamin na minti ɗaya ko biyu kacal. Sai ka rubuta wurin da birninka yake a zauren hira, ka bi layi, muƙamin ya sauka a kanka, ka danna, ka yi godiya, a miƙa wa na gaba. A ginin da zai ɗauki mako biyu, wannan minti ɗaya yana rage fiye da yini guda. Kafin in nemi muƙamin nakan fara ɗauko alamar ƙarin saurin gini ko bincike da ake tsinta a kewayen wuraren tarihi na taswira, in haɗa su biyu.

Da wannan dabara fada da makarantar bincike suka kai mataki na 21, kuma jiya binciken dakarun ƙasa na mataki na huɗu ya kammala. Ban horar da sababbi daga tushe ba, na fara ɗaga na mataki na uku da nake da su, tunda bambancin farashi kawai ake biya.

Baibars ya fito mini daga akwatunan makullin zinariya, ina kuma ɗaga shi sannu a hankali domin farauta. Katin sauya al'umma yana nan a jaka, kuma na yanke shawarar zama a Sin har manyan gine-gine su ƙare. Duk lokacin da na wuce gidan tarihi na Kanta a nan Argungu nakan ce a raina da masu wasan sun san Muhammadu Kanta, wanda ya ɓalle daga daular Songhai a farkon ƙarni na 16 ya kafa Kabi, ya kewaye Surame da ganuwar dutse wadda kufanta yake nan har yau, da sun sami kwamandan tsaron birni wanda ba ya buƙatar ƙarin gishiri.

5 ga Afrilu, 2025

An yi Sallah ranar Lahadi, 30 ga Maris, kuma fada ta kai mataki na 22 a cikin hutun, runduna ta biyar ta buɗe, wadda ita ce ta ƙarshe. Matakin VIP yana 9, saura ƙiris ya kai 10. Fasahohin Sun Tzu sun kusa cika, Aethelflaed kuma ta cika ta farko tana kan ta biyu. Zafi ya tsananta, wayar tana ɗaukar zafi har ta riƙa sanɗa idan rana ta take, don haka na bar duk wani faɗa sai dare ko sassafe.

Abin da ya rage shi ne mafi tsauri. Ginin fada na mataki na 25 kaɗai ya haura kwana 100 kafin a cire ragin bincike da muƙami da taimako. Ban da kayan gini na yau da kullum, gidan gangami yana neman littattafan alkawari da ake samu daga rushe sansanonin mayaƙan daji, hasumiyar tsaro tana neman kibau na musamman daga farautarsu, kuma kowane gini da zai shiga mataki na 25 sai an ba shi takardar zanen gwani, wadda ake sayarwa lu'ulu'u 2,000 a shagon wasan. Sojojin mataki na biyar ba sa buɗewa sai an bi ta duk waɗannan. Saboda haka daga yau ba zan bar makin kuzari, wanda ake kashewa wajen farautar mayaƙan daji, ya cika ya tsaya ba, zan riƙa shiga gangamin sansanoni kowace yamma, kuma runduna ɗaya cikin biyar za ta koma haƙar lu'ulu'u a taswira.

Shugabannin masarauta sun fara shirin yaƙin da ake yi tsakanin masarautu, sun umarci kowa ya tara katunan warkarwa da abinci, ya daina ɓarnatar da katunan horarwa. Sun raba aiki, aka sa ni cikin masu cika gangami da masu aika kaya ga mayaƙan gaba, wanda shi ne daidai ƙarfina. Matsalar ita ce shinkafar rani ta fara nuna a fadama, kuma da zarar buhuna sun fara sauka a injin, ba ni da hutun azahar sai bayan wata guda ko fiye. Na ɗora ginin ganuwa da wani dogon binciken tattalin arziki waɗanda za su ci makonni ba tare da sun buƙace ni ba, na kuma sanar da ƙawance cewa daga tsakiyar wata ba za a riƙa ganina ba sai bayan isha'i.